Zaren da Ya Hana Jirgi Tashi

A wani gari an yi wata yarinya da iyayenta suka koma sabuwar unguwa, inda ba ta san kowa ba. Abin wasanta ɗaya ne, ɗan jirgi mai saukar ungulu da ake tuƙawa da rimot. Yayanta ne ya bar mata shi da zai tafi makarantar kwana.

Rannan jirgin ya ƙi tashi. In ta danna, sai ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar mai hajijiya, ya faɗi.

Ta sa sabon batir, ta danna, ya faɗi. Ta miƙe farfelar sama da ta lanƙwashe, ta danna, ya faɗi.

Ta ce, "Umma, ki duba mini."

Uwar ta ce, "Ni ban san kansa ba, 'yar nan. Ajiye shi sai yayanki ya zo hutu."

Hutu kuwa saura wata uku. Ta ɗaga jirgin za ta maka shi da bango, sai ta fasa. Ta zauna tana duba shi gaɓa-gaɓa, har ta ga wani siririn zare ya naɗe ƙaramar farfelar wutsiya. Ta ɗauko allura ta warware shi a hankali.

Ta danna, ya tashi. Ta waiga don ta nuna wa wani, ba kowa a tsakar gidan. Cikin waigen nan jirgin ya tsallake katanga, ya sauka gidan maƙwabta.

Ta daɗe tsaye a ƙofarsu kafin ta yi sallama. Wata yarinya tsararta ta fito riƙe da shi, ta ce, "Naki ne? Namu ya shekara bai tashi ba."

"Ɗauko shi mu gani," in ji baƙuwar. Ta cire takalmi ta shiga.