Layin da Baba Ya Kai Bakin Labule

A shekarar 2013 Suhaibu ya fara ganin Kausar, a bakin labulen da ya raba ɗakin girkin mata da ofishin maza, a wani ƙaramin kamfanin dafa wa alhazai abinci da ke unguwar Zahir a Makka. Ta leƙo ta ce da Larabci kwamfuta ta ƙi aiki. Da ta dube shi da kyau sai ta maimaita da Hausa, irin ta 'ya'yan Makka mai ɗan tuntuɓe. Shi ɗan Sakkwato ne, bai daɗe da zuwa aikin kula da kwamfutocin kamfanin a kan ikama, wato takardar izinin zama, ba, kuma ya kwana biyu bai ji Hausa a bakin budurwa ba. Sai da ta sake faɗa kafin ya gane da shi take.

Saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da odar abincin kowane tanti, a sitor ɗin mata aka ajiye ta, don can ne kaɗai ke da sanyi. Namiji ba ya shiga, mai kamfanin kuma ya hana a haɗa ta da intanet. Dole Suhaibu ya karɓi lambar Kausar, ya riƙa gyara da hannunta.

Saƙonsa na farko bushe yake. "Ki buɗe fayil ɗin hosts. A layin farko ki rubuta 127.0.0.1, ki ba da tazara, ki rubuta localhost. Ki adana, ki sake kunna manhajar."

"Halas, shi ke nan, ta tashi. Amma me na rubuta, ya Muhandis, injiniyanmu? Ba na son yin abin da ban san kansa ba."

Ya yi mata bayani cewa manhajar na neman rumbun bayananta da suna, rumbun kuma yana cikin na'urar da kanta. Wannan layin ne ke sanar da ita haka, in babu shi sai ta yi ta lalube.

Daga nan saƙonni suka fara sauka daga kan aiki.

"Hannuna na dama, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, har yau burodin tamis da shayi? Gobe zan ba Iya Yalwa masa ta miƙo maka, ta gidanmu ce."

Iya Yalwa ita ce shugabar masu girki, kuma ba ta taɓa miƙa masar nan ba tare da ta harare shi ta yi dariya ba.

Mahaifin Kausar, Malam Sabitu, tela ne a unguwar Nakkasa. Tun yana saurayi ya zo aikin Hajji ya zauna. Da Suhaibu ya je gaisuwar neman aure ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce a'a. Mai ikama baƙo ne, ranar da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya sallame shi sai jirgi, Kausar kuwa ba ta taɓa taka Najeriya ba. Duk wanda ya goya 'ya mace ya san wannan tsoron ba ƙiyayya ba ce. Ga kuma Mudassir, ɗan maƙwabta mai jan bas zuwa Arfa, wanda ya daɗe yana sonta, ya kai wa tsohon labarin wai Suhaibu na shiga ɓangaren mata.

Malam Sabitu ya sa Suhaibu ya yi masa alkawari: ba kira, ba saƙo, ba aike.

Kausar ba ta san da wannan ba. Ta rubuta, "Muhandis, shiru lafiya? In laifi na yi ka faɗa mini." Ya karanta, ya kifa wayar. Ta ɗauka ya samu wata, ta daina aiko masa.

Ana gobe hawan Arfa tsohuwar sabar ta mutu. Dillali ya kawo sabuwa, mata suka ja ta ciki suka jona, manhaja ta ƙi tashi. Suhaibu ya san layin nan ne babu, ga kuma kalmar sirri a hannunsa shi kaɗai. Tukwane na kan wuta, ba a san tantin da za a kai wa me ba. Mudir, wato manajan kamfanin, ya ce ya kira yarinyar yanzu, ko ya haɗa jakarsa bayan Hajji.

Suhaibu ya tari tasi da tsakar rana, ya hau dutsen Nakkasa a ƙafa, ya durƙusa a shagon Malam Sabitu yana haki. Ya faɗi abin da ke faruwa, ya ce, "Baba, ku na yi wa alkawari. Ko ku ba ni izini, ko in haƙura da aikin."

Tsohon ya dube shi. Ya cire tabarau, ya rufe keken ɗinki, ya ce ba zai ba da izini ba, amma shi zai kai maganar da bakinsa.

Haka aka yi. Suhaibu a ofis, Malam Sabitu a bakin labule, Kausar a sitor. Tsohon ya ɗaga murya kamar mai biya karatu: "Ɗari da ashirin da bakwai, ɗigo, sifili, ɗigo, sifili, ɗigo..."

"Ɗaya, Baba. Na haddace wannan."

"To don me aka sauko da ni daga dutse cikin wannan rana?"

"Kalmar sirri nake nema, da sunan sabuwar na'urar, in ƙara a ƙarshen layin."

Ya kai mata su harafi-harafi, mata na ƙyaƙyata dariya a ciki. Can sai firinta ta fara ƙara. Kafin Malam Sabitu ya juya, ya tambayi Iya Yalwa ko yaron ya taɓa shigowa. Ta ce ko inuwarsa ba ta taɓa ƙetare labulen nan ba, wanda ya faɗa masa haka ya ji tsoron Allah.

A cikin tasi Malam Sabitu ya ce, "Wanda ya riƙe maganata har ya kusa rasa abincinsa, zai riƙe 'yata ko a Sakkwato ne. Ka nemo magabatanka. Wayar ma na sake maka ita."

Suhaibu bai jira sun sauka ba. "Hannuna na dama, ki yafe mini shirun. Alkawari na yi wa Baba."

"Na ji komai ta labule, habibi. Amma masa sai bayan ɗaurin aure, horonka ke nan."

A watan Muharram aka ɗaura, a saman benen su Kausar, fitilun Harami na haske daga nesa. Mudassir da kansa ya kwaso baƙi a bas ɗinsa, ya riƙe hannun ango ya nemi gafara. An rushe layin gidan daga baya, amma waɗanda suka ci shinkafar ranar har yau suna zancenta.

Da za a fita da amarya, Malam Sabitu ya dafa kanta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya ta gari. Duk ƙasar da Ya kai ku, Ya sa ku tarar da mutanen kirki."

Suka amsa da amin, su biyun a tare.