Wayar da Na Fere da Haƙori

Ni dai tsiyata ɗaya, kunne. In kiɗa bai fita tas ba, raina ɓaci yake. Na sayi manyan lasifikan nan da ake kira bafil, guda biyu, na kafa a ɗakina a Lamorde, amma sauti sai ka ce daga cikin tulu.

Buba mai gyaran rediyo ya dubi wayar da na haɗa bafil ɗin da ita ya yi tsaki. "Haba Mu'azu, wannan waya ce ko zare? Nemi mai kauri, jan ƙarfe zalla, ka ji bambanci."

Na samo ta wajen masu tsofaffin kaya, da busasshiyar laka a jikinta. Mai ita ya ce daga wani gida aka ciro ta, cikin waɗanda kogi ya ci. Araha ta rufe mini ido, ban ƙara tambaya ba.

Gab da magariba na zauna haɗawa. Ban ga wuƙa ba, sai na fere bakin wayar da haƙori, yadda muka saba. Na ji ɗanɗanon laka.

Na kunna.

Wallahi Buba bai yi ƙarya ba. Kalangu ya fito kamar makaɗin yana gabana. Amma a ƙarƙashin kiɗan akwai wata ƙara. Ruwa, yana kwararowa ta ƙasan ƙofa.

Na duba. Ƙasa a bushe.

Na kashe ampili, akwatin da ke tura wa bafil kiɗa, ƙarar ba ta tsaya ba. Na zare kuran, lantarki ya yanke. Sai ma ta ƙaru.

Ƙarnin kogi ya cika ɗakin. Na ruga ƙofa, na murɗa, na banka da kafaɗa. Ko motsi.

Daga bafil na hagu wata mata ta yi raɗa: "Malam, ƙofar ta ƙi."

Daga na dama, namiji: "Ɗaga yarinyar sama."

Sanyi ya kama mini gwiwa. Ya hau ƙugu. Ya kai ƙirji. Ido bai ga ruwa ba, amma numfashina yana ƙarewa.

Na lalubo wayar na fizga. Ta ƙi. Na sa haƙori ina tsinka ta sili-sili, ina salati a zuci, jini a bakina.

Ta tsinke.

Ƙofa ta buɗe da kanta. Na faɗo waje ina amai, ladan yana kiran salla.

Washegari na mayar wa kogi wayarsa, na koma siririyata. Sai dai sili ɗaya ya maƙale mini a haƙori. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba.

Duk sanda na rufe baki, ina jin su. Jiya matar ta daina kiran Malam. Sunana ta kira.