Kwalba Ɗaya

Likita ya ce ƙanwata Raliya ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa, kuma nawa kaɗai ya dace da nata. Tsoro ya kama ni. A ƙauyenmu ana cewa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara iya riƙe fartanya. Bayan isha'i na sulale daga asibitin garin Rufa'a.

Ina bin bakin tur'a, hanyar ruwan gonakin auduga, sai kwaɗi suka yi tsit. Wata mata na tafe a gabana, amma taɓo bai ɗauki sawunta ba. Na yi mata sallama.

Ta waiwayo. Raliya ce, fuskarta fara fat.

Ta ce, "Yaya Gado, kwalba ɗaya fa suka nema."