Agogon Motar Marasa Lafiya

Attahiru ne ya sace batir ɗin. Attahiru ƙanin shugaban ƙungiyarmu ta Maruda, wanda ke zaune a Kalgo yanzu. Na faɗi sunansa, kuma ba zan janye ba.

Ni ce Hadijatu, uwar Mujtaba, direban motar da ƙungiya ta saya don kai marasa lafiya asibiti. Ran wata Asabar da hantsi naƙuda ta tsananta wa Kubura matar maƙwabcinmu, tana zubar da jini. Aka sa ta a mota. Mujtaba ya murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Irin wadda ba ta tashi da turi ce. Kafin a samo wata motar rana ta take tsaka, Kubura ta cika a hanya.

Da aka buɗe gaban motar, sabon batir ɗin da aka sa da damina babu shi. Wani tsoho ne a wurin, kansa duk farin gishiri. Nan take gari ya yanke hukunci: direba ya sayar. Aka kai ɗana ofishin 'yan sanda na Gwandu.

Saje Haruna aka ba binciken, mutum marar yawan magana. Ya fara da maigadin da ke kula da rumfar motar, tunda motar ta tashi lafiya har safiyar Juma'a.

"Ina kake jiya Juma'a?"

"Masallaci, yallaɓai. Kowa ma yana masallaci."

"Kana da makulli?"

"Ni? Ko ƙofarta ban san yadda ake buɗewa ba."

Saje ya duba ƙofofi, babu alamar ɓalli. Ya sallame shi. Daga nan ya tafi Kalgo wurin Mamman bakanike, wanda ya sa sabon batir ɗin. Na bi shi da mayafina, bai hana ni ba.

Mamman ya ce, "Ranar Juma'ar ina Jega sayen kaya, ga yaran gareji ka tambaya. Amma yallaɓai, ka duba agogo da rediyo? Motan nan in ka cire mata batir, mantuwa take yi. Agogo ya koma farko, tashoshin da aka ajiye su goge, sai an sake saita su da hannu."

Muka koma Maruda. Tsohon batir ɗin bai iya tada inji, amma yana kunna rediyo. Saje ya dubi agogon motar, ya dubi na hannunsa.

"Daidai yake," in ji shi. "An gyara."

Na ce, "To ba ɗana ba ne. Agogon wanga bai taɓa yin daidai ba a hannunsa. Kullum gaba yake. Matan gari har tsiya suke yi masa, wai motarsa na kiran la'asar tun ana azahar."

Saje ya sa aka kawo Mujtaba, ya ce ya saita agogon. Ya yi ta latse-latse har gumi ya karyo masa, ya kasa. Sai Saje ya ce ya kunna tashar da ya saba. Ya danna maɓallin farko, sai ga surutun ƙwallo.

"Ba nan take ba," in ji Mujtaba. "Ni tashar karatu na sa a na farko, saboda marasa lafiya. Wagga ta zamanin Yaya Attahiru ce, tuni na cire ta."

Attahiru shi ne direban farko. Da ya bar aikin ya ce makulli na biyu ya ɓata.

Saje ya kira shi. Ya zo da babbar riga yana wasa da carbi.

"Yaushe rabonka da motar nan?"

"Tun da na aje aiki ban ko taɓa ta ba."

"Shiga ka taimake ni. Tashar Sakkwato nake so, ban san inda take ba."

Ko kallo bai yi ba, yatsansa ya tafi maɓalli na uku. Tashar ta fito.

Saje ya ce, "Mujtaba ya sauya jerin tashoshin bayan tafiyarka, mata huɗu da ke bin motar sun shaida. Wanda ya cire batir ya san motar za ta manta, sai ya zauna ya mayar da komai don kada a lura. Amma ya mayar da agogo daidai, alhali ba daidai yake ba. Ya jera tashoshi yadda ya san su da, ba yadda suke ba. Kuma ya shiga da makulli."

Attahiru ya ce, "Aro na yi. Na ɗauka tsohon zai kai mako."

A gidansa na Kalgo aka samu batir ɗin, an haɗa shi da sola yana ba talabijin wuta.

Saje ya yi aikinsa, Allah Ya saka masa. Aka saki ɗana. Amma kafin a kai kotu dattawan ƙungiya suka je suka janye ƙara, wai abin gida ne. Suka lallashi mijin Kubura da maganar ƙaddara har ya yi shiru. Ba wanda ya tsaya ya faɗa wa gari gaskiya. Har yau in Mujtaba ya wuce kasuwa sai a rage murya. An ba wani motar. Ɗana ya daina cin abinci a cikin mutane.

Ni ban yi boko ba, kuma ba ni cikin masu sasantawa. Shugaba, kai nake wa magana. Ka kawo ƙaninka ƙofar masallacin Juma'a, bayan an sallame, ya tsaya gaban mijin Kubura da jama'ar Maruda ya faɗa da bakinsa wa ya cire batir ɗin nan. In ba ka kawo shi ba, kai za ka tsaya ka amsa.