Ɗakin da Ba Ta Zana Ba

Ranar da ya fara hawowa ofishin zane, ƙorafi ya kawo, ba soyayya ba. Shi ne mai injin yanka ƙarfe a ƙasan benen, ita kuma ke zana masa siffofin ƙofofi a kwamfuta.

"Malama, layinki bai haɗe ba. Inji ba ya yanka zanen da bakinsa ke buɗe."

Ta zuƙo kusurwar zanen, sai ga ɗan giɓi kamar silin gashi. Kunya ta rufe ta, shi kuwa sai murmushi yake kamar an yi masa kyauta. Tun daga ranar bai rasa giɓin da zai hawo da shi ba, ko akwai ko babu.

Ba a jima ba saƙo ya shigo: "Zanena, na duba zuciyata, giɓi ɗaya ne a ciki, kuma daidai ke ne." Ta ce masa sarkin surutu, amma ba ta goge saƙon ba.

Matsalar Abbanta ce. Haɗarin da ya ɗauke Yayanta shi ya bar Abba a keken guragu, ita kaɗai ta rage masa. "Ban ƙi yaron nan ba," ya ce, "amma in kin tafi, wa zai ji ni in na faɗi?" Abin ya tsaya mata a rai.

Duk da haka ta buɗe laftof ɗin da Yaya ya bari, ta zana ɗan gidan da suke buri ita da mai injin: falo, ɗaki, kicin. Da ta dawo daga sallar azahar, sai ta tarar da wani ɗaki manne da falon, an ja shi da layi ruwan ɗorawa. Ta goge. Washegari ya dawo.

"Kai ke taɓa min aiki?" ta tambayi mai injin, ranta a ɓace.

"Ni? Wallahi ko buɗe shi ban iya ba."

Ba ta yarda ba, ta daina ɗaga wayarsa. Sai wata rana da rana tsaka, tana zaune hannuwanta a cinya, ta ga 'yar kibiyar allon ta motsa da kanta. Kibiyar ta gangara kusurwar hagu ta ƙasa, inda Yaya kullum yake fara zane, ta shiga jan layi a hankali. Ofishin ya ɗau sanyi, ga fanka a kashe. Tsigar jikinta ta tashi.

Ta rungumi laftof ɗin sai gida, ta ajiye a gaban Abba. Ya daɗe yana kallo. Ɗakin ba shi da matakala, kuma ƙofarsa ta fi sauran faɗi. Ya sa a miƙo masa tef, ya auna kekensa, ya sake duban lambar da ke jikin ƙofar.

"Ɗakina ne," ya ce. "Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

Ta kira mai injin tana kuka. "Ka yafe min."

"Zanena, wa ya ce na yi fushi? Turo min zanen ƙofar, da hannuna zan yanka ta."

Bayan an ɗaura aure, ango da kansa ya turo Abba zuwa sabon gidan. Keken ya shige ƙofar ɗakin ko goga bango bai yi ba. Abba ya kamo hannayensu ya haɗa a nasa.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. Ya juya wajen kusurwar ɗakin, inda babu kowa. "Kai kuma, ɗana, Allah Ya jiƙan ka. Ka huta haka."