Rumfa Mai Taya Huɗu

Gara in faɗi laifina tun da wuri: ina da leƙe. Matata ta ce barandar da na ƙara a saman gidanmu ba don shan iska na gina ta ba, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba. Daga can ana hango bayan gida biyu, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya na Mai Awo ne, tsohon ma'aikacin auna filaye wanda ya yi ritaya amma tef ɗin awonsa ya ƙi yi. Ɗayan na wata tela ne da ɗanta Kafinta.

Ranar da Kafinta ya gama kafa rumfar katako a bayan gidansu, Mai Awo ya fito yana huci. Doka ta ce a bar mita ɗaya tsakanin gini da katangar maƙwabci, shi kuma ya fi sanin dokar nan da ranar haihuwar 'ya'yansa. Ya jingina tsani, gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai ya kira Auta, 'yarsa mai aiki a kantin magani.

Ta hau tana tsaki. Ta leƙa, ta ga saurayi da ƙusa uku a baki.

"Malam, Baba ya ce ka kama masa bakin tef, ka ɗora a jikin kejin kajin nan."

Ya zare ƙusoshin. "Shagona ne."

"Allah ya ba ka haƙuri. Na ɗauka ƙwai za mu riƙa saye."

Ya yi dariya, ita kuma ta manta lambar da ta karanta. Santimita tamanin ne, ko ni daga sama na gani. Amma ta ce, "Baba, tef ɗin ya karkace." Sau tara aka yi awon nan a mako guda, tef bai taɓa miƙewa ba.

Daga nan sai saƙonni. Kafinta ya rubuta mata: "Injiniyata, yau na fere katako har ya koma tsinke ina tunaninki."

Ta amsa: "Mai Zarto, ka kula da yatsunka. Ba na son miji mai tara."

Abin da yaran yanzu ke kira soyayya ke nan. Mu a zamaninmu ko wannan ba mu iya ba.

Da kawun Kafinta ya zo neman izinin auren Auta, Mai Awo ko ruwa bai sa an kawo ba.

"Yaron da bai san mita ɗaya ba zan ba 'yata? In an rushe akurkin nan, da me zai riƙe ta? Da zarto?"

A ranar ya zaunar da Auta, ya ce idonsa ba ya gani sosai, ta rubuta masa ƙara zuwa ofishin gine-gine. Ta rubuta.

Aka turo Jami'i, mai takalmi kamar madubi da turaren da ke riga shi shiga gida. Aikin minti biyar ne, amma da ya ga Auta sai ya zama bincike. Kullum yana falon Mai Awo yana cewa "Baba" kamar shi ya haife shi. Kuma shi ne ya kai wa Kafinta takardar ƙarar, ya buɗe ta sosai a gabansa don ya ga rubutun, ya ce nan da kwana bakwai za a rushe.

Saƙo ya shigo wayar Auta: "Na gane rubutunki. Na gode."

Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. A rana ta huɗu ta ɗauko littafin dokokin babanta, wanda tun tana ƙarama yake sa ta karanta masa shi kamar tatsuniya. Ta hau tsani.

"Kai, mai fushi. Rumfar nan tana da tushe a ƙasa?"

Bai ɗago ba. "Me ya dame ki?"

"Ni na rubuta, Baba ya faɗa. In ka gama kumburin, ka buɗe shafi na sha huɗu." Ta jefa masa littafin. "Abin da ba a kafe shi a ƙasa ba, ba gini ba ne. Sai ka ce ba kafinta ba."

Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya kalle ta. "Injiniyata."

"Ka riƙe sunanka, sai na huce."

Ranar rushewa Jami'i ya iso da gwangwanin jan fenti da ƙarti biyu. Mai Awo ya sa babbar riga, ya zagayo ta ƙofar tela don kada a ba shi labari. Suka tarar da rumfa zaune a kan tayoyin baro huɗu. Kafinta ya sa kafaɗa ya tura ta, ta gangara kamar amalanke.

"Nan ya yi, Baba, ko in ƙara?"

Mai Awo ya durƙusa duk da gwiwar, ya ja tef. Mita ɗaya cif. Ya leƙa ƙasa, ya taɓa tayoyin, ya ga an daidaita su ba ko ɗan karkata.

"Wa ya nuna maka shafi na sha huɗu?"

Auta na kan tsani tana nazarin gajimare.

"Shekara talatin ina aiki, ba wanda ya taɓa karanta shafin nan," in ji tsohon. Ya dubi Jami'i sama da ƙasa. "Har da masu cin abinci da shi." Ya naɗe tef ɗinsa. "Ka ce wa kawunka ya dawo. Wannan karon akwai ruwa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tela ta yi kuka, Mai Awo ya sa albarka, ya kuma auna gadon da ango ya ƙera ya ce ba laifi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai karanta doka.

Jami'i kuwa bai yarda ya koma da fentinsa a rufe ba. A ranar rushewar nan ya ɗaga kai sama, muka haɗa ido. Rumfar tana nan har yau. Barandata aka rushe.