Kaji da Jan Iri

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, amma masarar ƙungiyar manoma ta ƙi fitowa: nan tsiro ɗaya, can fili fetal. Nan take aka ɗora laifin a kan Baba Mai Sito, wai ya sayar da sabon irin kamfani, ya raba wa mutane tsoho. Aka karɓe makullinsa, ana shirin korarsa. Kunya ta hana tsohon ɗaga kai.

Sajan ɗin 'yan sanda da aka turo bincike, mace mai fara'a da ba ta son gaggawa, ta shiga siton ita kaɗai. Ta buɗe ragowar buhu, sai ga ƙwari suna yawo cikin jan iri kamar gidan ubansu. Irin kamfani da magani ake cuɗa shi, shi ya sa yake ja, kuma ƙwaro ba ya zama cikinsa. Wannan masarar kasuwa ce aka rina. Ta ɗebi kwano guda, ba ta gaya wa kowa abin da ta gano ba.

Mutum uku ne suka taɓa buhunan: sakataren ƙungiya da ya sayo, direban da ya ɗauko, sai Baba.

Ta fara da direba.

"Ka tsaya a hanya?"

"Ko ruwa ban sha ba, ranki ya daɗe."

Tana miƙewa ta saki kwanon, iri ya watse, kaji suka rugo. Direba ya yi tsalle. "Kai! Guba ce, ku kore su!"

A gidan Baba ma ta sake. Tsohon da ke kukan gwiwa ya bi kaji da sanda har hularsa ta faɗi.

Sakatare kuwa da shayi ya tarbe ta.

"Da idonka ka ga an rufe buhunan a kamfani?"

"Ƙwarai. Tsohon nan ne dai, Allah ya shirye shi."

Kwano ya sake faɗuwa. Kajinsa suka hau tsattsaga. Ya dube su, ya kurɓi shayinsa.

"Ba ka tsoron su mutu?"

Kofin ya tsaya a bakinsa.

"Duk manomi ya san jan iri yana kashe kaza," in ji Sajan. "Wanda bai firgita ba, ya san rini ne kawai. Ban gaya wa kowa ba. Kai wa ya gaya maka?"

A ƙuryar ɗakinsa aka samu buhunan gaske, bakinsu a ɗinke, suna jiran mai saye. A bayan ƙofa kuma ga bokitin rini.

Damina ba ta yi nisa ba, za a sake shuka. Manoma suka taru a ƙofar sito suna sosa ƙeya. Sajan ta miƙa wa Baba makulli.

"Ga amanarka, Baba."

Hawayen daɗi ya cika masa ido. "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya juya ga jama'a. "To, ku shigo layi. Wanda ya fi zagina shi zan fara auna wa."